Minsharin da Ya Kai Ni Bawku

Na shiga Salaga a bayan motar doya, ina barci. Ban ga bakin gari ba, ban ga kasuwa ba, sai da direban ya bubbuga ƙarfen bodi ya ce, "Baba Najeriya, an iso." Sunan da ya bi ni ke nan har yau. Sunana na yanka Haladu, mutumin Funtuwa, shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da sitiyari.

Abin da ya fito da ni daga gida ba dogon labari ba ne. Na kwantar da motar maigidana a gefen wata gona da rana tsaka, hanya a miƙe, ba ruwa ba kwana. Ba wanda ya mutu, alhamdulillahi, buhunan masara ne kawai suka fashe. Na ce taya ce. Ba taya ba ce, idona ne ya rufe. Maigida bai yi faɗa ba, ya dai miƙo hannu na ba shi makulli. A tasharmu kuwa, in aka karɓi makullinka saboda gyangyaɗi, ko amalanke ba mai sake ba ka. Ni kuma a aji huɗu na firamare na tsaya, ban iya komai ba sai tuƙi. Shi ya sa na naɗe lasisina a leda na taho ƙasar Gana, inda ba a san ni ba. Abu ɗaya nake nema, a sake sa mini makulli a hannu.

A zangon Salaga, unguwar Hausawa da baƙi, baƙo ba ya neman masauki da kansa. Kai shi ake yi wurin maigida, maigida ya ba shi ɗaki da abinci, ya nema masa abin yi. Ni aka kai ni wurin Alhaji Bawa, dillalin doya, wanda kakanninsa suka zo daga Kano da jakuna a zamanin fataucin goro. Hausarsa tsohuwa ce, cikakkiya, irin ta kakata. Bai tambayi sunana ba sai da na cinye sakwara da miyar gyaɗa na wanke hannu. Sannan ya sa aka kai ni ɗakin baƙi. Akwai mutum huɗu a ciki: masu sayen doya biyu daga kudu, wani mai lodi, da wani Bazabarme mai yawon sayar da atamfa, Hamma Idi, mutum mai ƙiba kamar ni, mai dariya.

Da safe na gaishe su, na ce an kwana lafiya. Hamma Idi ya dube ni da jajayen idanu ya ce, "Kai dai ka kwana." Na ɗauka haka ake amsa gaisuwa a Gana.

Kafin mako ya zagayo duk sun fice. Wannan ya ce zafi, wancan ya ce ya fi son baranda don kusa da masallaci. Na wayi gari ni kaɗai a ɗaki mai tabarma biyar. Na kira matata Ladidi na ce mata mutanen nan sun san darajar baƙo, ɗaki guda suka bar mini. Sai ta tambaye ni wa yake taɓa ni in na ɗauke.

Tsohuwar maganarta ce. Shekara da shekaru tana cewa in ina barci numfashina yakan tsaya, sai ta zungure ni da gwiwar hannu kafin ya dawo. Ni kuwa nakan ce ai wanda ya daina numfashi ba ya tashi ya nemi koko. Na ce mata ta bar zancen, kuɗin waya na tafiya.

Alhaji Bawa ya samo mini babur mai ƙafa uku, irin mai bodi a baya, ina kwaso doya daga gona zuwa kasuwa. Aikin yara ne, amma na karɓa. Goro ba ya barin bakina daga asuba zuwa magariba, duk da haka ina zama sai kaina ya rataya. Na yi barci a kan tulin doya ana ciniki a kaina. Na yi barci a zaman tahiya, har liman ya sallame ina nan da yatsa a miƙe. Ba wanda ya ce mini uffan. Wani lokaci na farka na tarar an ɗora mini hulata da ta faɗi.

Bayan mako shida Alhaji ya kira ni zaure, ya ɓare goro ya ba ni rabi. Ya ce mutum kamar ni mai babban lasisi bai kamata a gan shi a kan ƙafa uku ba. Yana da amini a Yendi, Afa Yakubu, mai babbar motar hatsi, ya riga ya yi masa magana. Ya ba ni sabuwar riga da doya biyar, ya rako ni tasha da kansa. Na yi ƙwalla a mota. Na ce Allah ya haɗa ni da mutumin da ya gane ƙimata.

Yendi garin ƙabilar Dagomba ne, kuma gaisuwarsu sai gwiwa ta yi ciwo. A durƙusa, a yi ta "Naa, naa," har ka manta abin da ya kawo ka. Afa a wurinsu malam ke nan. Afa Yakubu siriri ne, mai sanyin murya, yana koyarwa da safe yana sayar da masara da rana. Motar tana nan da gaske, sai dai a kan duwatsu take, ana jiran giyabos daga Kumasi. Ya ba ni wani ɗan zagayayyen ɗaki a can ƙarshen gida, kusa da garken awaki. Ya ce don in samu natsuwa. Kwana uku awakin suka koma kwana bayan rumbu. Wannan ma ban kawo komai a raina ba.

A Yendi jikina ya fi gaya mini gaskiya. Ina tashi da ciwon kai kamar an ɗaure shi da waya, baki a bushe, fitsari sau huɗu kafin asuba. Ina barcin awa takwas na tashi kamar wanda ya yi lodin siminti. Kewar gida kuma ta kama ni sosai. Ladidi ba ta iya gajeren saƙo ba. Takan danna waya ta yi ta magana, labarin kazar maƙwabta, labarin rufin ɗakin da ke yoyo, wa ya haihu, wa ya sayi firji. Ina sa wayar a kunne in ji muryarta, kuma ban taɓa kai ƙarshen saƙo ɗaya ba tare da na ɓingire ba. Da safe sai in ce mata na ji duka.

Akwai wata mai koko a bakin tasha, Mma Sanatu. Ba ta jin Hausa sosai, ni ba na jin Dagbanci. In na zauna da kwanona kaina ya fara sauka, sai ta zare kwanon daga hannuna a hankali, ta rufe da faranti ta ajiye kusa da wuta. In na farka ta miƙo mini da ɗuminsa, ta ci gaba da aikinta kamar ba a yi komai ba. Ba ta taɓa dariya ba. Har yau in na bi ta Yendi sai na tsaya na durƙusa mata.

A tashar nan kuma aka cuce ni. Wani mutum da lasifika a kan babur yana tallan maganin duk cuta. Na ja shi gefe na gaya masa damuwata. Ya leƙa idona ya ce wani abu ne yake hawa ƙirjina da dare, turo shi aka yi daga gida. Ya ba ni gari a ƙullin leda in riƙa shaƙa. Na biya abin da ya kamata in aika wa Ladidi. Garin taba ne da barkono. Kwana uku ina atishawa har hancina ya yi jini. Da na koma nemansa aka ce ya wuce Bimbila.

Giyabos ya iso, aka ɗaura. Afa ya ce mu gwada motar zuwa wata kasuwar ƙauye, ya zauna gefena. Hannuna na kan sitiyari zuciyata fal murna, wata biyar rabona da babbar mota. A dawowa, rana ta yi zafi, inji na ta gurnani iri ɗaya, sai ji na yi taya ta sauka kwalta tana cin tsakuwa. Na fizgo ta. Na ce rami na kauce wa. Afa bai dube ni ba, carbinsa kawai na ga ya ƙara sauri.

Kwana uku bayan nan ya kira ni. Ya ce arziƙina ya fi ƙarfin Yendi. Akwai Alhaji Seidu a Bawku, babban ɗan kasuwar shanu, direbansa ya tsufa ya ajiye, yana neman ƙwararre. Ya ba ni riga saƙi irin tasu, mai nauyi kamar bargo, ya yi mini doguwar addu'a. Wannan karon ban yi ƙwalla ba. Wani abu ya ɗan sosa mini rai, amma na ce ai gaba ake ci: daga ƙafa uku zuwa motar hatsi, daga motar hatsi zuwa tirela.

An ce mun bi ta Tamale da Walewale. Ni dai ban gani ba.

Bawku gari ne na bakin iyaka, kowa da yarensa, Hausa ce kasuwar da ake haɗuwa. Shanun Alhaji Seidu ta Kulungugu suke shigowa daga Burkina, a loda su a kai kudu. Ya karɓe ni hannu biyu, ya nuna mini motar, doguwa, shuɗiya, tayoyinta sababbi. Na zagaya ta sau biyu ina shafa ta. Ya ce in huta, a gyara mini takarduna na ƙasar, ranar kasuwa mai zuwa in yi lodi.

Gidan nasa ne, amma mulkin na yayarsa ne, Mma Azara, gwauruwa, gajeriya, mai murya kamar ta ɗan kamasho. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da nawa. Safiya ta uku muna zaune a tsakar gida da Alhaji da wasu dillalai biyu ana shan koko, sai ga ta ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Baba Najeriya, jiya ka mutu sau goma sha ɗaya. Daga nan na gaji da ƙirga."

Alhaji ya kusa ƙwarewa. Ya ce, "Yaya, baƙo ne fa."

"Baƙo ne, shi ya sa za ku bar shi ya mutu cikin ladabi?"

Ta ciro waya daga ɗankwalinta ta danna. Ashe ta ɗauki muryata ta jikin taga. Na ji wani abu kamar injin niƙa da ya haɗiye dutse. Dillalan suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Ni ma na fara murmushin kunya. Sai ƙarar ta yanke. Shiru. Na jira, shirun bai ƙare ba. Ana jin kukan gyare a cikin wayar, ba a jin mutum. Na ji kokon ya daskare a bakina. Can sai wani irin shaƙewa, kamar an fito da kan mutum daga ruwa, injin niƙa ya sake tashi. Minsharin bai dame ni ba. Shirun ne ya tsorata ni.

Mma Azara ta ce haka mijinta yake yi, shekara da shekaru, kowa na dariya. Hawan jini ya kama shi, wata safiya bai tashi ba. Ta ce ba za ta sake kwana tana sauraron wannan shirun ta bango ba.

Nan fa aka tone komai. Ta matsa wa ƙanenta ya faɗi abin da Afa Yakubu ya gaya masa a waya. Alhaji ya yi ta sosa gemu, daga baya ya ce Afa ya ce mutumin kirki ne, mai amana, sai dai a ba shi ɗaki nesa da mutane, kuma kada a bar shi shi kaɗai a doguwar hanya. Haka kuma Alhaji Bawa ya gaya wa Afa. A zango ba a korar baƙo, ba a kuma gaya masa aibinsa a fuska. In ya gagare ka, sai ka nema masa aikin da ya fi naka a gari na gaba, ka ba shi riga, ka raka shi tasha. Ni da nake ganin ana ɗaga darajata, ashe miƙa ni ake yi hannu zuwa hannu kamar tukunya mai zafi.

Na tambayi Alhaji ko shi ma ya fara nema mini babban aiki. Ya ce, gaskiya, ya yi magana da wani a Sinkase, gari na gaba.

Dillalan suka fashe da dariya, ni ma na kasa riƙewa, na yi har hawaye, rabi dariya rabi wani abu daban. Tunda rufin asiri ya yaye, na gaya musu gaskiyar Funtuwa, da ta hanyar ƙauyen Yendi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Ladidi. Alhaji ya saurara, ya ciro makullin shuɗiyar motar ya nuna mini, ya mayar aljihu. Ya ce yana nan, ba zai ba kowa ba, amma ni ma ba zan taɓa shi ba sai likita ya yi magana. In likita ya ce a'a, to a'a ne.

Mma Azara ce ta san wurin. Wani ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa, da ɗaki biyu a baya inda ake kwantar da mutum don kawai a kalli yadda yake barci. Na ce wannan wane irin aiki ne, a biya mutum ya kalli wani yana minshari. Likitar mace ce, 'yar kudu, tana zuwa daga Tamale sau biyu a wata. Ba ta jin Hausa, sai nas ɗinta Awini, wani Bakusashe ɗan asalin yankin, mai faɗin kafaɗa, yake fassara. Ta auna wuyana da tef irin na tela. Ta leƙa maƙogwarona da tocila, ta auna jinina ta girgiza kai. Sannan tambayoyi: ko ina gyangyaɗi bayan cin abinci, ko a cikin hira, ko in mota ta tsaya a shingen 'yan sanda. Duk na ce e. Ta ce in dawo ranar Alhamis da yamma in kwana, kuma daga azahar ba goro, ba shayi.

Ranar Alhamis na riƙe bakina har la'asar. Sai Alhaji ya ce mu biya kara, kasuwar shanu, in yi sallama da dattawa, tunda duk kasuwar ta san za a kwantar da Baba Najeriya. Wani tsoho da ake ji da shi a karar ya ɗaga hannu ya yi mini addu'a, ya ɓare farin goro ya miƙo mini da hannunsa. Goron addu'a, daga hannun tsoho, a gaban mutane. Na karɓa na ce zan ajiye a kumatu kawai. Wani tsohon ya ga abokinsa ya ba ni, shi ma ya ɓare nasa. Kafin in kai asibiti na tauna biyu.

Awini ya manna mini wayoyi a kai da haɓa da ƙafa, ya ɗaura mini ɗamara a ƙirji da wata a ciki, ya sa ɗan siririn tiyo a hancina, ya maƙala wani abu mai jan haske a yatsana. Na zama kamar inji da aka buɗe ana neman inda wuta ke yankewa. Ya kashe fitila ya ce in yi barci kamar yadda na saba, shi yana ɗaki na gaba yana kallon allo.

Ni da na yi barci a kan doya, na yi a tahiya, na yi a kan sitiyari, ranar da ake neman barcin sai ya ƙi zuwa. Gado fari, ɗaki sanyi, idona tar. Ina ta tunanin makullin nan a aljihun Alhaji. In ban yi barci ba ba sakamako, likita kuma sai bayan mako biyu. Can Awini ya turo ƙofa.

"Baba Najeriya, ka ci goro." Ba tambaya ba ce.

Na ce na addu'a ne. Ya ce ƙwaƙwalwata a allonsa kamar kasuwar Bawku take. Ya zauna a bakin gado ya tambaye ni mene ne yake sa ni barci da wuri in ina gida. Na yi tunani, na ji kunya, sannan na nuna masa wayata. Ya nemo saƙon Ladidi mafi tsawo, ya ajiye a gefen matashi ya fita. Muryarta ta cika ɗakin: wai kazar Iya Abu ta ɓace tun Talata, an duba bayan masallaci, an duba gidan mai niƙa. Har yau ban san ko an ga kazar ba.

Na ɗan tuna an tashe ni an ɗaura mini wani abin roba a hanci, iska na shigowa a hankali. Shi ke nan. Sai na ga kaina a gidanmu na Funtuwa, mahaifiyata da ta rasu tana tuƙa tuwo, tana cewa in wanke hannu. Na ji ƙamshin miyar kuka. Da na farka gari ya waye, kaina sakayau, kamar an sauke mini buhu. Na zauna a bakin gado ina lissafin rabona da mafarki, na kasa tunowa.

Likita ta nuna mini layuka a allo, wasu na hawa da sauka, sai su miƙe ɗoɗar. Ta ce kowane miƙewa numfashi ne ya tsaya. Ta faɗi sau nawa a awa ɗaya, ba na son rubuta adadin. Awini ya fassara mini da yaren da zan gane. Ya ce in na yi barci naman maƙogwarona yakan saki ya rufe hanya, kamar tsohon tiyo da ya lanƙwashe. Inji na neman iska bai samu ba, sai zuciya ta yi ta bugu, ƙwaƙwalwa ta tashe ni in ja numfashi, in koma, ba tare da na sani ba. Dare guda ina tashi ina komawa, shi ya sa da rana jiki yake karɓar haƙƙinsa ko a ina ya same ni. A kashi na biyu na daren, da aka sa mini injin da ke hura iska ya riƙe hanyar a buɗe, layukan sun tafi lafiya lau.

Na tambaya ko lalaci ne. Ta ce ba lalaci ba ne, ba turen kowa ba ne, cuta ce kuma tana da magani. Shekara nawa ina zagin kaina a ɓoye, ina cewa na zama rago. Na rufe fuska da hular da ke hannuna. Sannan na yi tambayar da ta kawo ni. Ta ce zan iya tuƙi, amma ba yanzu ba. In kwana da injin kowane dare, in rage tumbi, in sha maganin hawan jini, in daina kwanciya rigingine. Bayan wata ɗaya in kawo ɗan katin da ke cikin injin, shi zai gaya mata gaskiya ko da ni ban faɗa ba.

Na kira Ladidi a bakin ƙofar asibitin na kwashe duka na gaya mata. Ta bari na gama tsaf.

"Shekara goma ina gaya maka a kan gadonka. Sai da ka tsallake ƙasa biyu wata ta gaya maka da Turanci."

Na ce ta yi haƙuri. Na kuma ce muryarta ce ta sa ni barcin da aka auna. Ta ce wato ba na sauraron saƙonninta ke nan. Na ga na shiga wata sabuwa, na ce kati ya kusa ƙarewa.

Alhaji Seidu ya sa aka kawo injin daga Kumasi. Da na fara godiya ya ɗaga hannu, ya ce kayan mota ne kamar jak da safaya, ba a yi wa jak godiya. Mma Azara ta karɓi singiletina ta ɗinke ƙwallon goruba a tsakiyar baya, in na juya rigingine ya soke ni in koma gefe. Ta kuma raba tuwona biyu ba tare da ta nemi shawarata ba. Jikokin gidan suka leƙo suka ga tiyo a hancina suka sa masa suna hancin giwa.

Ba zan ce da sauƙi ba. Makon farko faɗa muka yi ta yi da abin. Yana busar mini da hanci, yana barin shaida a fuska, sau biyu na cire na jefar. Mma Azara kuwa tana jin injin niƙa ya tashi sai ta buga bango da muciya. In aka ɗauke wuta injin ya tsaya, sai na ɗauko batirin mota na haɗa da inbata, wannan kam aikina ne. Mako na biyu na fara kai ƙarshen huɗubar Juma'a. Na fara jin labarin Ladidi har inda take cewa sai an jima. Na gano ashe mutum mai raha ne ni, gajiya ce ta mai da ni mai ɗaure fuska.

Da wata ya cika likita ta sa katin a kwamfuta. Ta nuna dare biyun da na jefar da abin, ta dube ni ta saman tabarau. Sauran duka ta ce sun yi. Ta sake min tambayoyin nan, wannan karon ina cewa a'a. Ta rubuta takarda ta buga hatimi. Alhaji bai iya karatun boko ba, Awini ya karanta masa, sai Alhaji ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini makulli a nan cikin asibitin. Mma Azara ta ce in na kashe wa ƙanenta saniya ko ɗaya ita da kanta za ta nema mini aiki a Sinkase.

Na kai shanu Kumasi na dawo sau uku lafiya, injina a akwati bayan kujera. A tafiya ta huɗu Alhaji ya ce kada in dawo fanko, in biya Salaga in ɗoro doya.

Alhaji Bawa ya ga shuɗiyar mota a ƙofar gidansa, ya ga wanda ya sauko, ya rungume ni da gaske. Amma da magariba ta yi na ga 'yan ɗakin baƙi sun fara naɗe tabarma. Hamma Idi yana nan, ya ƙara ƙiba, ya ce zafi. Na ce kowa ya mayar da tabarmarsa, yau ɗaya dai. Na jona hancin giwa suna kallona, na yi addu'a na juya gefe.

Kafin kiran sallar farko na farka da kaina. Sai na ga mutum tsaye a bakin ƙofa da tocila. Alhaji Bawa ne. Ya ce tun tsakar dare yake kasa kunne daga ɗakinsa bai ji komai ba, har ya fara tunanin yadda zai sanar da mutanen Funtuwa.

Muka fita alwala. Na ce masa, "Alhaji, ka ba ni riga, na gode. Da magana ka ba ni, da ta fi rigar."

Ya daɗe yana zuba ruwa a ƙafa ɗaya. Ya ce tun zamanin kakansa ba a taɓa kunyata baƙo a gidan nan ba. Na ce na sani, kuma ban taɓa cin abinci a gidan da ya fi nasa mutunci ba. Amma da na kwanta da motar Afa a hanya, da mutuncin bai tashe ni ba. Ya riƙe hannuna har masallaci.

Da muka dawo na shiga ɗaki in naɗe tiyona. Hamma Idi ya koma barci, rigingine, baki buɗe, yana minshari. Da can ƙarata ta danne tasa. Ina cikin naɗi sai ya yanke. Na tsaya da tiyo a hannu ina saurare. Shirun nan ne, na san shi. Na dubi sauran ukun, kowa ya kau da kai yana gyaran tabarma.

Na bari har aka kawo koko, kowa ya zauna, Alhaji na tsakiya. Na ce, "Hamma Idi, ɗazu ka mutu sau uku a gabana. Akwai kujera a gaban motata."

Ya yi fushi, ya ce shi ba ya minshari. Ya dubi Alhaji yana neman ceto. Alhaji ya kurɓi kokonsa, ya ajiye kwano, ya ce gara ya bi ni, kuma ba za a ba shi riga ba.

Da hantsi aka gama lodin doya. Hamma Idi ya hau gaba da ƙullin atamfarsa, yana ta mita. Ko gonakin bayan gari ba mu wuce ba kansa ya rataya. Na zare hularsa na ajiye masa a cinya, na sa giya ta huɗu. Na ga Tamale, na ga Walewale, na ga kowace bishiya har Bawku.